Gudawar haƙori, kunu tsararo da ƙwaƙwalwar yaro: akwai alaƙa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masana, ana ta tallar wasu nau'ikan garin sha na yara a Facebook, wai suna gyara hanjin yaro ya yi basira, har ma su kare shi daga ciwon suga in ya girma. Shin da gaske hanji yana da ruwa da ƙwaƙwalwa? Kuma yaro ɗan wata tara da ke yawan gudawa, ake cewa ta haƙori ce, me ya kamata a yi masa?

Malamin asibiti:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Alaƙar tana nan, amma ba a cikin robar masu talla take ba. Cikin hanji akwai 'yan ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana kai ƙasa da kashin kaji baki, kullum hanjinsa cikin kumburi yake, tsiron nan su gajarce. Sai ya ci abinci, abincin ya wuce kawai. Daga nan tsawo ya tsaya, ƙwaƙwalwa kuma ta rasa sinadarin ƙarfe da zink daidai lokacin da take ginuwa, wato daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kwana 1000 ke nan.

Haƙori ba ya kawo gudawa. Lokacinsa ne ya zo daidai da rarrafe da fara kunu da cusa komai a baki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a garzaya kemis a sayo Flagyl ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yawancin gudawar yara ta bairos ce, maganin nan bai taɓa ta, sai dai ya share ƙwayoyin hanji masu amfani. Abin yi: ORS, wato garin gishiri da suga na maganin gudawa, leda ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya, a riƙa ba shi da cokali bayan kowace gudawa, a zubar da ragowar bayan awa 24. Sai zink milgiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 (milgiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba), ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu. Kada a janye nono ko abinci. In an ga jini a kashi, ko ido ya faɗa, ko ya kasa tsotso, ko gudawar ta kai sati biyu, asibiti kawai.

Mai koyar da abincin yara:
Malam ya gama da gudawa, bari in taɓa kwanon. Cikin yaro ɗan wata tara bai wuce kofin shayi ba. In aka cika shi da kunu tsararo, ruwa aka ba shi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebo da cokali a karkata, in ya zube shar, bai yi ba, sai ya tsaya a cokalin.

Haɗin da ake kira Tom Brown ya fi duk garin gwangwani araha: gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. A jiƙa waken, a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban kafin a kai inji. Waken suya in bai soyu sosai ba yana kumbura ciki. Gyaɗar kuma a tsince ta tas, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse a jefar, domin gubar fumfunar ba ta mutuwa da wuta, kuma hanta take ci. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau uku ko huɗu a rana, da ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja a ciki.

Hatsi kaɗai bai isa ba wajen ƙarin jini. Ana buƙatar ƙwai, hanta, dakakken busasshen kifi, garin zogale. Jiƙa gero ya kwana ya yi tsami kamar na koko yana sa jiki ya fi samun ƙarfen da ke ciki, haka ma ɗan lemo ko gwanda a kai. Shayi kuwa tare da abinci yana hana ƙarfen shiga jini, ga shi gidaje da yawa da shayi da burodi ake karya wa yara. Zuma sai bayan shekara ɗaya. Gishirin gida ya zama mai ayodin, a rufe shi nesa da murhu.

Ungozoma:
Yaya, a fara tun haihuwa. Nonon farko mai rawaya da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko. A cikin nono akwai wani nau'in suga da jariri ba ya narkar da shi, abincin ƙwayoyin hanji masu amfani ne. Don haka nono zalla wata shida, ba ruwa, ba rubutu, ba jiƙo, ko a zafin watan Afrilu. Da ya cika shekara, a karɓi maganin tsutsar ciki duk wata shida. Kuma a daina ramba wa jarirai kwalli, yawancinsa dalma ce. Gubar dalmar da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma yaro mai ƙarancin ƙarfe a jini hanjinsa ya fi zuƙar dalma.

Malamin asibiti:
Saura batun ciwon suga, Hajiya. Bayan yunwar da aka yi a ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, an bi sawun waɗanda suke cikin mahaifa a lokacin, aka ga matsalar suga da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu da suka manyanta. Jikin da aka gina cikin rashi, in ya haɗu da lemon kwalba da biskit daga baya, ya fi saurin gazawa. Haɗari ne ya ƙaru, ba hukunci ba. Amma duk wanda ya ce garinsa na warkar da galahanga ko farfaɗiya ta hanyar wanke hanji, ku riƙe kuɗinku, kuma kada a dakatar da maganin asibiti saboda shi. Shi ɗan wata taran, a kai shi awo a sa masa tef a damtse: ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta fara, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani, a ranar ya kamata a fara magani.