NetworkPolicy ta toshe mini DNS a Kubernetes, na rasa inda matsalar take

Assalamu alaikum. Kwana biyu ke nan abin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Muna amfani da Calico, manhajar da ke kula da sadarwa a Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajojinmu a cikin kwantenoni. Na sa NetworkPolicy (dokar taƙaita sadarwa) da ta hana kwantenoninmu na biyan kuɗi fita ko'ina sai zuwa rumbun bayananmu, don kada wanda ya kutsa cikin guda ya tsallaka zuwa sauran. Tun daga nan suka daina gane sunan rumbun bayananmu, wato DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa lambar IP, ya daina yi musu aiki. Idan na kira shi da lambar IP, yana amsawa nan take, amma nslookup, umarnin neman lambar IP ta hanyar suna, sai ya yi ta jira har lokaci ya ƙare.

Na buɗe ƙofa ta 53 (ƙofar DNS), UDP da TCP, zuwa kube-system, sashen da CoreDNS mai amsa tambayoyin DNS yake, da alamarsa ta k8s-app: kube-dns. Shiru. CoreDNS lafiyarsa ƙalau, tambayar ce ba ta isa gare shi. Da na cire dokar komai ya dawo daidai, amma ba zan bar bayanan kuɗin mutane a buɗe ba.

Abin da na lura: resolv.conf, fayil ɗin da ke gaya wa kwantena inda zai aika tambayar DNS, na nuna 169.254.20.10, wato NodeLocal DNSCache, ma'ajiyar amsoshin DNS da ke kan kowace na'ura. Shin sai na buɗe wannan adireshin da ipBlock (sashen dokar da ke ba da izini ta lambar IP) kafin tambayar ta wuce? Na gode.