Karatun takalmi a nazare ya tada ƙura a guruf ɗin iyaye

Maman 'Yan Biyu: Salam iyaye. Don Allah ni kaɗai abin nan ke ci wa tuwo a ƙwarya? Tun da aka dawo hutu ajin yaran nan ba abin da ake sai zancen takalmi, yau a kawo tsohon silifas, gobe a zana tafin ƙafa a kwali, jibi an buɗe shagon wasa ana cinikin kambas da kuɗin takarda. Kuɗin makaranta an ƙara, ABCD kuwa shiru. Ni dai ban kai su nazare don su zama shumeka ba.

Baban Auta: Hajiya shumeka kuma me ya yi miki? Ranar da sandal ɗin yaro ya tsinke a kasuwar Terminus ta Jos wa kike nema?

Anti Malama: Maman 'Yan Biyu ki yi haƙuri, ba a makarantar nake koyarwa ba amma na san tsarin. Haɗa ƙafa da 'yar uwarta lissafi ne, ƙirga bibbiyu ke nan, a ciki ake koyon dama da hagu, babba da ƙarami, ɗaure igiya kuma yana sa yatsu su yi ƙwarin riƙe fensir. Tun 1907 Maria Montessori, wata masaniyar koyar da ƙananan yara, ta fara irin wannan a Italiya.

Kawu Baduku: Bar ta Malama, ba koyarwar ce ta dame ta ba, raini ne. Mu gidanmu dukawa ne kaka da kakanni, da fatar nan aka yi mana karatu har jami'a. Ki je Naraguta, ƙauyen masu aikin fata a nan Jos, ki ga masu zuwa sayen kayan fata.

Baban Auta: To Kawu ai baduku daban shumeka daban. Shi shumeka mai yawo ne da akwati yana ƙwanƙwasawa, faci da burushi.

Kawu Baduku: Ka ga kai ma ka raina shi ke nan. Ɗazu kana kare shi yanzu ka mayar da shi mai faci.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ban zagi kowa ba, maganar karatu nake.

Hajiya Babba: Ku duk kun bar babbar magana. Zana sawun yaro a takarda a ajiye, sannan a karɓi tsohon takalminsa? Mu da muka taso ko sawunka a ƙasa ba a so wani ya ɗiba. Ni jikata na hana ta kai.

Anti Malama: Haba Hajiya, a bangon aji ake mannawa kowa na gani.

Hajiya Babba: 'Yar nan ba ki san duniya ba.

Malam Na Rikkos: In dai an koya musu fara sawa da dama, cirewa da hagu, an koyar da sunna, hadisin yana Bukhari da Muslim. Kuma yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa tsutsar ciki ke shiga ta fatar ƙafa, ga sanyin Jos a Disamba ƙafa duk kaushi.

Baban Auta: Ni tambayata ɗaya, an nuna musu fade da huffi ko sai kwas-kwas da takalmin ruwa na cikin littafin Turawa?

Maman Ummi: Fade ina? Kowa gwanjon kasuwar Katako yake sa wa ɗansa, ya fi ɗan Aba ƙarko nesa ba kusa ba.

Oga Mai Shago: Ƙarya ne wallahi. Ɗan Aba na yanzu ba na da ba ne, ku ne kuke kashe kayan gida, gwanjo ma wani ya gama cin moriyarsa. Mu da Cortina na Bata muka yi firamare har ƙanne suka gada.

Maman Ummi: Oga ai dole ka faɗa, su ne cike da shagonka. Wanda na saya bara ko zango ɗaya bai kai ba ya buɗe baki.

Oga Mai Shago: A wurina kika saya? Kawo rasit.

Admin: Ya isa haka jama'a. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun gamsu darasin yana da amfani, makaranta ta yi daidai, kuma ya kamata Maman 'Yan Biyu ta janye kalmar shumeka ta ba Kawu haƙuri. Zancen kuɗin makaranta ba nan ne wurinsa ba.

Maman 'Yan Biyu: Mafi yawa su wa? Mutum biyu ne suka taɓo darasin ma. Admin ka faɗa musu ajin wa madam ɗinka take riƙewa tukuna.