Neman kalma: me za mu kira aikin mai da robar teku jaka?

Assalamu alaikum, ma'abota harshe. Da 'yar matsala na zo yau, kuma ina neman hannunku a ciki.

Ƙanwata ce ta miƙo mini jakar goyonta, ta nuna wani ɗan ƙyalle da aka ɗinke a cikin aljihu, mai hoton kibiyoyi uku suna bin juna, ta ce, "Yaya, me aka rubuta a nan?" Da Turanci aka rubuta cewa an yi jakar da "recycled ocean plastic". Na ce mata, "Wai an sake amfani da robar teku ne." Ta juya jakar, ta shafa bayanta, ta murza yadin tsakanin yatsu biyu, ta ɗago kai ta ce, "To ina robar take? Wannan ai yadi ne." Kuma gaskiyarta. Maganar da na faɗa ta sa ta zaci za ta ga gindin gora ko murfin bokiti a manne a wani gefe. Fassarata ba ta nuna mata abin da ya sami robar ba.

Kalmar da nake nema wa Hausa ke nan, "recycle". Na riga na jefa muku tambayar tare da tawa shawarar, wasunku sun kawo nasu kalmomin da gyare-gyare, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a ga fuskarsa.

Ga yadda ake yi. Ana tsinto gorunan ruwa da na lemo, irin masu lamba 1 a gindi, waɗanda ake kira PET. A ware su daga sauran tarkace, a cire murfi da takardar jiki, a wanke, a ɓarza su su zama ɓarɓashi, a sake wankewa a busar. Sai a narkar da ɓarɓashin a zafin da ya kai wajen digiri 250, a fitar da shi ƙwaya-ƙwaya kamar ƙananan tsakuwa. Waɗannan ƙwayoyin ake sake narkarwa a tura ta wani faranti mai ƙananan huji kamar rariya, sai su fito siri-siri, iska ta sandarar da su, a ja su a miƙe, a naɗe. Zare ya samu. Daga nan sai saƙa, rini, yanka da ɗinki. Ku lura da wani abu mai daɗi: tsinta, wanki, ɓarza, narkarwa, kaɗi, saƙa, ɗinki, kowane mataki muna da kalmarsa tun kaka da kakanni. Sunan da zai ɗaure su duka a dami ɗaya ne muke nema.

Malam, Allah ya ƙara sani, na ga ka kawo "sake amfani". Ita na fara gwadawa, ita ce kuma ta ba ni kunya gaban yarinya. Wanda ya sha ruwan gora ya wanke ta ya zuba wani abu a ciki ya sake amfani da ita, gorar tana nan a gorarta. Wannan aiki ne mai kyau, ya ma fi narkarwa sauƙi ga muhalli tunda babu wuta babu inji, amma aiki ne dabam. A bar masa sunansa.

"Sabuntawa" kuwa kayan da ke kanta sun yi mata yawa. Da ita muke cewa makamashi mai sabuntuwa, da ita muke sabunta fasfo da manhajar waya. Kuma tana ɗauke da alkawarin da robar ba ta cikawa, zan dawo kan wannan. Wanda ya ce "kwaskwarima", a'a ranka ya daɗe, kwaskwarima a fuska take tsayawa, wannan kuwa har ƙashi aka narkar.

Saura "sake sarrafawa", wadda ita ce ta fi yawo a bakin 'yan jarida. Ba ni da faɗa da ita. Daidai take, kowa yana ganewa. Damuwata faɗinta: wanda ya yanka tamfol ya ɗinka jaka ya sarrafa, wanda ya narkar ya sarrafa, wanda ya ƙona shara ya sami wutar lantarki shi ma zai ce ya sarrafa. Kalmar da ta rufe kowa haka, mai gaskiya da mai wayo duk za su fake a ƙarƙashinta.

Tawa shawarar ita ce "sake-zubi".

Zubi kalmar maƙera ce: a narkar da abu, a zuba shi a wata siffa, ya daskare ya fito wani abu. Kuma harshe ya riga ya saba da ita a wajen maƙera, shi ya sa muke cewa abu ya fito da sabon zubi. In na ce wa ƙanwata "robar aka narkar aka sake mata zubi ta zama zare", ba za ta nemi gindin gora ba. Tana kuma lanƙwasuwa yadda ake so: roba mai sake-zubi, masana'antar sake-zubi, an sake wa goruna zubi, wannan ledar ba ta sake-zubuwa.

Hajiya, na ga gyaranki, kuma shi ne mafi nauyi cikin duk abin da aka faɗa. Kin ce zubi da zubarwa 'yan gida ɗaya ne, mai sauraron rediyo zai iya jin "zubin roba" ya ɗauka an ce a je a zubar. Na yarda, shi ya sa ban ce "zubin roba" tsurarsa ba. Dole "sake" ta tsaya a gaba kullum. Ba na jin akwai Bahaushen da zai ji "an sake mata zubi" ya hango juji. Kwalba da gwangwani sun shiga kalmar ba gardama, tunda narkar da su ake yi. Takarda ma jiƙa ta ake yi ta zama ruwa-ruwa a zuba a kan raga. Abin da bai shiga ba, kamar tsumman da ake yagalgalawa a mai da su abawa, sai a bar shi ƙarƙashin "sake sarrafawa". Ita ce uwa, sake-zubi ɗiyarta.

Me ya sa na dage sai an rarrabe? Saboda alƙaluman ba na wasa ba ne. Binciken da Jenna Jambeck da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, roba tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa miliyan 12.7 ta shiga teku daga doron ƙasa. Wani binciken na 2017, wanda Roland Geyer ya jagoranta, ya ce daga fara yin roba zuwa 2015 an yi tan biliyan 8.3, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kacal aka sake wa zubi. An ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. In muka fassara wannan kashi 9 da kalma mai santsi, mai karatu ba zai san ainihin abin da aka ƙirga ba.

Yanzu rabin maganar na biyu, "robar teku". Nan ma akwai rami.

Da farko ita kanta "roba" a wurinmu ta haɗa tayar mota da bokiti, ga kuma "leda" a gefe. Wannan bai dame ni ba, yanayin magana yana rabewa, ba sai mun jawo "filastik" ba sai inda ake bayanin kimiyya. Abin da ya dame ni shi ne "teku". Robar da ta shekara tana yawo a ruwan gishiri, rana tana dukanta, gansakuka da ƙananan halittu sun manne mata, takan yi gautsi, ta koɗe, ta yi wuyar wankewa. Gorar PET kuma ta fi ruwan teku nauyi, da zarar ruwa ya cika ta sai ta nutse. Don haka da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan teku ba daga tsakiyar teku aka tsamo shi ba, a gaɓa da bakin koguna da garuruwan bakin ruwa aka tsince shi. Masu sana'ar suna da kalmarsu, "ocean-bound", kuma ma'aunin da aka saba shi ne abin da aka tara cikin kilomita 50 daga bakin teku, a wuraren da ba a kwashe shara yadda ya kamata. Tare robar kafin ta faɗa ruwa aiki ne na kirki, na ma fi ganin hikimarsa, tunda rigakafi ne. Amma mai saye yana da haƙƙin sanin wanne ya saya. A Hausa rabewar ba ta da wuya ko kaɗan: wadda aka ciro daga ruwa "tsamammiyar roba", wadda aka tare a hanya "robar gaɓa". Turanci yana buƙatar dogon bayani a nan, mu kalma biyu sun ishe mu.

Abin da ya fi yawa a tsamammiyar roba ta tsakiyar teku ba goruna ba ne. A wannan makeken dandalin tarkace da ke Tekun Fasifik tsakanin Hawai da Kalifoniya, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, binciken ƙungiyar The Ocean Cleanup na 2018 ya nuna cewa aƙalla kashi 46 cikin 100 na nauyin tarkacen ragar kamun kifi ce. Raga ce da ta tsinke ko aka yar, tana tafiya da igiyar ruwa tana ci gaba da kamu babu masunci. Kunkurun teku ya sa kai a ido ɗaya, ya juya don ya fita, zaren ya naɗe masa hannu, ya kasa hawowa shan iska. Kifin da ya mutu a ciki ya jawo wani mai cin mushe, shi ma ya maƙale. Da Turanci fatalwa suke kiranta, wani ɗan'uwa ma ya rubuto "ragar fatalwa". Ni dai "yasasshiyar koma" ta fi kwanta mini. Fatalwa babu mai ita. Yasasshen abu kuwa akwai wanda ya yasar da shi, kalmar tana nuna hannun mutum.

Wannan ragar ce ta kawo ni ga abin da na ce zan dawo kansa. Duk lokacin da aka narkar da roba, dogayen sarƙoƙin da suka haɗa jikinta suna ɗan tsinkewa, zubi na biyu ba ya kai na farko ƙarfi. Shi ya sa "sabuntawa" ta yi mata girma. Amma akwai wata hanya. Kamfanin Aquafil na Italiya ya fito da zaren Econyl a 2011, inda ake ɗaukar nailan na tsofaffin raguna da dardumomi da ragowar yadi a warware sarƙar da sinadarai har ta koma asalin ƙwayar da aka ƙulla ta da ita, a tace, a sake ƙullawa. Wannan zaren yana fitowa da ingancin sabo, kuma da shi Prada, kamfanin kayan ƙawa na Italiya, ta fara jakunkunanta na Re-Nylon a 2019. A Chile kuma kamfanin Bureo yana karɓar tsofaffin raguna daga hannun masunta tun kafin su kai ga yar da su. Hanya biyu ke nan, narkarwa da warware sarƙa da sinadarai, sai suna biyu: "zubin narki" ga ta farko, "zubin warwara" ga ta biyu. Duk ɗiyan sake-zubi ne.

Ƙanena da ya tambayi "upcycle", wato mai da tsohon abu wani abu mafi daraja: ga kamfanin Freitag a birnin Zurik na Suwizalan, inda wasu 'yan'uwa biyu suka fara ɗinka jaka da tsohon tamfol na manyan motoci a 1993. Babu narkarwa, wanki ne da almakashi da keken ɗinki. Wannan "juyi" nake kiransa, kamar yadda tela ke juya tsohon abu ya fitar da wani. Na san juyin mulki zai faɗo wa wasu a rai, amma "jakar juyi" ba ta rikita kowa ba cikin waɗanda na gwada wa.

Inda na tsaya cak shi ne "sustainable". "Ci gaba mai ɗorewa" ta zauna daram, tun bayan rahoton 1987 na kwamitin Brundtland, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan muhalli da ci gaba, ake jujjuya ma'anar a duniya, mu ma mun sami tamu. Amma ka ce "jaka mai ɗorewa", kowa ƙarko zai ji. Alhali abin da ake nufi shi ne yin ta bai ci muhalli da yawa ba. "Marar illa ga muhalli" kuma ƙarya ce, ba zan rubuta ta ba. Jakar nan ta ƙanwata akwai zif, akwai soso a kafaɗa, akwai wani shafe a ciki mai hana ruwa shiga, duk an haɗe su da ɗinki. Ranar da ta mutu, raba su zai yi wuya, wataƙila tafiyar robar ta ƙare ke nan. Gorar da aka mai da gora tana iya zagayowa, wadda aka mai da jaka da wuya ta dawo. Abin da jaka ta fi riga da shi shi ne ba a yawan wanke ta, don haka ba ta zubar da ƙananan zaruruwan roba a ruwan wanki kamar tufafi. Saboda haka ƙarkon ma yana cikin lissafi, jakar da ta yi shekara goma ta hana a yi wasu uku. Ina juya "mai sassauci ga muhalli" a bakina tun jiya, tana faɗin gaskiya, sai dai ta yi tsawo a kan ɗan ƙyalle.

Na sake kiran yarinyar ɗazu na karanta mata yadda zan rubuta a jikin jakar in da ni aka ba aikin: "An saƙa wannan yadi da zaren sake-zubi, daga robar gaɓa." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wato narkar da goruna aka yi aka ja zare?" Na ce haka ne. Ta ce, "To gaɓar wane teku?" Na duba ƙyallen gaba da baya, ba su rubuta ba.

Malamai da masu fassarar labarai, ku gwada "sake-zubi" a jimla biyu-uku da bakinku, da ƙarfi, ba a zuci ba, ku faɗa mini inda ta yi tuntuɓe. Wanda kuma yake da abin da ya fi "mai sassauci ga muhalli" gajarta, ina jira.