Attaruhu a cikin chilli chicken: gardamar da ta tashi a zauren gidanmu

Amarya: Assalamu alaikum. Don Allah ku raba mini gardama. Jiya na yi wa baƙin maigida chilli chicken, ban samu koren barkonon nan dogo ba, sai na sa attaruhu uku. An cinye kam, amma ɗaya daga cikin baƙin ya ce wai wannan ba chilli chicken ba ce, tunda abincin China ne, su kuwa ba su san attaruhu ba. Maganar ta tsaya mini a rai, da ita na kwana, don tun bayan la'asar nake kan girkin.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Amarya ki yi haƙuri, amma baƙon nan yana da gaskiya. Shekara tara ina zuwa birnin Gwanzu na China saro kaya, ban taɓa ganin attaruhu a girkinsu ba. Abincin mutane, a yi shi yadda masu shi suke yi, ko kuma a sa masa wani suna.

Auta: Yaya, ita chilli chicken ɗin fa, ka taɓa cin ta a Gwanzu?

Yaya Babba: Da wannan sunan dai a'a. Mutanen Gwanzu ma ba masu yaji ba ne, nama da kifi a turara suka fi so. Mu kuma gidajen abincin Musulmi muke bi a unguwar Xiaobei, wurin masu taliyar nan da ake ja da hannu. Amma akwai wata kaza ta mutanen lardin Sichuan, laziji suke ce mata, ana yanka ta ƙanana a soya, a binne ta cikin tulin busasshen jan barkono, sai ka yi ta tono kafin ka samu tsoka. Ni a ganina ita ce asalin.

Auta: Ba ita ba ce, Yaya. Waccan ana sa mata wani ƙwayar yaji mai sa leɓe ya yi zir-zir kamar ya mutu, kuma a bushe take ƙayau. Chilli chicken da ɗanyen koren barkono ake yi, da tafarnuwa mai yawa, ɗanyar citta, albasa manyan yanka, koren tattasai, soya sos da binega. Shekarata huɗu ina karatu a Indiya, babu garin da na shiga ban gan ta ba, har masu kura a bakin titi suna sayarwa da taliya ko soyayyar shinkafa. Su kansu Indiyawa "Chinese" suke ce wa irin wannan girki, amma a birnin Kalkata na Indiya aka haife shi.

Kawu: To ai kin faɗa da bakinki, Auta. Idan masu ƙasar sun ce na China ne, mu su wa?

Auta: Kawu, da dalilin sunan. Wajen 1778 wani ɗan China da ake kira Tong Atchew ya sauka kusa da Kalkata, gwamnan Turawan Ingila Warren Hastings ya ba shi fili ya kafa masana'antar sukari. Har yau sunan wurin Achipur, kuma jikokin 'yan China na can suna kai ziyara kabarinsa lokacin sabuwar shekararsu. Bayansa wasu suka yi ta zuwa, kafintoci, masu ɗinkin takalma, masu gyaran haƙori, suka zauna a unguwar Tiretta Bazaar ta Kalkata. 'Yan ƙabilar Hakka ta China kuma suka kama sana'ar jima a unguwar Tangra. Da suka fara sayar da abinci, masu saye Indiyawa ne, bakinsu ya saba da yaji. Sai suka riƙe kaskonsu da soya sos ɗinsu da saurin hannunsu, suka ƙara koren barkono da citta da tafarnuwa yadda maƙwabtansu ke so. Na je Tangra da ƙafata a hutun shekarata ta biyu. Gidan da muka ci abinci tsohuwar majema ce, ga ƙatuwar ƙofar ƙarfe da dogon rufi nan yadda suke. Kotun ƙolin Indiya ce ta ba da umarni a 1996 a fitar da majemun daga cikin gari, gidaje da dama suka koma na abinci.

Kawu: Madalla da wannan bayani. Amma ni ban sauka daga kan bakata ba. Hannun da ya dafa na ɗan China ne, kaskon na China, soya sos na China. Bahaushen da ya yi tuwo a zangon Kumasi, tuwon nan ya zama na Ashanti ke nan?

Auta: In tuwon da aka sani a gida ya yi, na Hausa ne. Amma wannan girki babu shi a inda kakanninsu suka baro, a Indiya suka ƙirƙiro shi. Kuma su ɗin 'yan Indiya ne, Kawu, a can aka haife su, a can aka binne iyayensu. Nelson Wang da ake danganta wa ƙirƙiro kazar Manchurian, wani girki irin wannan, a Bombay a 1975, haifaffen Kalkata ne. Abin da ya sa nake dagewa, na ji abin da aka yi musu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Indiya da China a 1962, an kwashe wajen mutum 3,000 daga cikinsu aka tsare a sansanin Deoli a jihar Rajasthan, har da mata da yara, wasu sai 1967 suka fito. Laifinsu kawai kamannin fuska. Bayan nan da yawa suka bar ƙasar, shi ya sa yanzu Toronto ta Kanada ke cike da gidajen abincin Hakka. Duk wanda ya ce girkinsu baƙo ne a Indiya, sai in ji kamar su yake kira baƙi.

Kawu: Allah ya kyauta. Wannan ban san da shi ba. Duk da haka ina ganin gadon gida biyu ne, kada a cire wa China nata kason.

Gwaggo: Ku dakata da tarihi tukuna. Wannan soya sos da kuke ta ambata, an ce mini akwai giya a ciki. Ke Amarya kin duba kafin ki zuba wa baƙi?

Maman 'Yan Biyu: Gwaggo, tambayarki a kan hanya take. Ba zuba giya ake yi ba. Wanda ake jiƙa waken soya da alkama su daɗe suna tsima, shi ne ɗan abin maye ke fitowa a cikinsa da kansa, kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma wanda ke da tambarin halal a jikin kwalba, shi nake saya don hankalina ya kwanta. Wadda ake zubawa da gangan ita ce giyar shinkafa ta girkin China, ita kuwa chilli chicken ba ta buƙatarta, binega ke ba ta tsami.

Gwaggo: To a riƙa dubawa. Allah ya tsare mu da cin haram.

Maman 'Yan Biyu: Amin. Ni kuma duk kun bar inda gizo ke saƙar. Shekara shida ina yin ta wa masu taro, attaruhu bai taɓa ɓata mini ita ba. Yana da nasa ƙamshi mai ƙarfi, gaskiya ne, don haka ɗaya ya isa rabin kilo, a cire 'ya'yan, a yanka siri-siri, kada a jajjaga. Amarya, faɗa mini tsakani da Allah, kin tafasa kazar kafin ki soya?

Amarya: Na tafasa, Anti. Da albasa da kori da dunƙule, yadda muka saba.

Maman 'Yan Biyu: To nan ta bar hanya, ƙanwata, tun kafin attaruhu ya shiga. Abin da kika yi soyayyar kazar biki ce aka zuba mata soya sos. Ɗanya ake soya wannan. Ki samu tsokar cinya rabin kilo, ba ƙashi, ƙirji saurin bushewa yake. Ki yanka kamar girman goro, ki tsane ruwan da tsumma mai tsabta. Ki zuba soya sos babban cokali 1, dakakkiyar citta da tafarnuwa cokali 1, masoro kaɗan, farin ƙwai 1, kwanfulawa cokali 3, fulawa cokali 1. Ki cakuɗa da hannu har ya kama jikin naman kamar an shafa masa, ba ƙullu mai zuba ba. Ki rufe minti 30. Gishiri ki yi hankali da shi, soya sos gishiri ne.

Sai suya. Mai ya yi zafin da in kin jefa ɗan guntu zai taso nan take yana kumfa. Kada ki juye duka lokaci ɗaya, ki raba uku. In kin cika kasko zafin man zai faɗi, naman ya saki ruwa, rigar ta saɓule ta zauna a gindi. Minti 4 ya ishi kowane zubi. Ki kwashe a matsami, ba a roba mai murfi ba, tururi ke kashe ƙarmas-ƙarmas ɗin.

Gwaggo: Minti huɗu? Kaza? Wallahi ba zan ba jikokina naman da bai ga tafasa ba. Jini fa.

Maman 'Yan Biyu: Gwaggo, da kazar Hausa ce da na bi bayanki, ita sai ta sha wuta. Wannan ta gidan gona ce, ga yankan ƙanana. Ki tsaga mafi girma a cikinsu, in cikin ya yi fari ruwan da ke fita ba ja, ta nuna. Kuma za ta sake komawa wuta.

Yaya Babba: Ko an yi duk wannan, wutar gida ba za ta kai ba. Na tsaya na kalli masu girkinsu, wutar har gurnani take, kaskon na hayaƙi. Wannan ƙaurin mai daɗi ba ya samuwa a kan ɗan gas ɗin kicin.

Maman 'Yan Biyu: A nan kana da rabin gaskiya, Yaya. Ba za ta yi daidai da tasu ba, amma ana kusantowa. Kasko mai faɗi na ƙarfe, a bar shi a wuta shi kaɗai sai ya fara hayaƙi, kuma komai na yanke a gefe kafin a kunna. Mai cokali 2, tafarnuwa ƙwaya 8 yankakku da barkonon, juyi biyu uku, kada ta ƙone. Albasa 1 da koren tattasai 1 masu faɗin yanka, minti ɗaya kawai, ana so a ji su garas-garas a baki. Soya sos cokali 2, binega cokali 1, sukari rabin ƙaramin cokali, a zuba ta gefen kasko su yi cuu. A dama ƙaramin cokalin kwanfulawa da ruwa kaɗan a zuba, da ya yi ƙyalli a juye kazar, a jujjuya, a watsa lawashi, a sauke. Daga tafarnuwa zuwa saukewa bai fi minti 4 ba. Ranar da nake da aiki da yawa murhun gawayi nake hurawa, ya fi gas ɗina zafi nesa ba kusa ba.

Auta: Haka na ga suna yi a bakin titi, Anti. Mai son romo don shinkafa sai a ƙara masa ruwa da kwanfulawa.

Yaya Babba: Na yarda a Kalkata aka fara ta. Amma koren barkonon shi ne sunanta, a nema a kasuwa, ana samu. Attaruhu a bar wa miya.

Amarya: Zan nema, Yaya, in ban samu ba zan sa attaruhu ɗaya kamar yadda Anti ta ce. Anti, ranar Juma'a surukaina za su zo, mu takwas ne. Kilo nawa zan saya, kuma zan iya soya naman tun da safe?

Maman 'Yan Biyu: Kilo ɗaya da rabi. Ki soya da safe ki bar shi a buɗe, in sun iso ki sake jefa shi a mai mai zafi minti ɗaya. Haɗin ƙarshen kuma kashi uku za ki yi shi, rabin kilo rabin kilo, kada ki haɗa duka a kasko ɗaya.