Faransanci bayan shekara 40: aji ko kasuwa?

Ɗan Kwari: Salam 'yan uwa. Shekarata 41, ina saro atamfa a Kwatano, ciniki ina yi da Faransanci sama-sama amma da magana ta kai ga jiya ko gobe sai harshena ya sarƙe. An ce min ajin dare wata 3 dubu 60. In biya ko in ci gaba da tsinta a bakin mutane? Bokona a firamare ya tsaya.

Maman Ikram: Ka sauke Duolingo kawai, manhajar koyon harsuna ce, yarana shi suke yi.

Na Damagaram: Alhaji ka shiga ajin. Mu muna cewa na sayar, zan sayar, su kuwa wutsiyar kalmar ce ke canzawa kuma rabinta ba a furtawa, kunnen babba ba ya kamawa sai an rubuta masa. Ga le da la masu nuna namiji da mace, rana wurinsu namiji ce, wata mace. Amma dubu 60 ta yi yawa, nan jika 5 a wata.

Bala Direba: Wallahi kar ka biya gaba ɗaya. A Abijan na ba wani malami kuɗin wata 6, kullum être (zama) da avoir (mallaka) a allo muna rerawa kamar 'yan makarantar allo, wata na biyu ya ɓace da kuɗinmu, na je neman aikin tuƙi zan ce na je sai na ce j'ai allé, yarinyar ofis ta gyara min je suis allé gaban mutane suna dariya, aikin ma ban samu ba. Har yau in na yi sauri shi ke fitowa, ya riga ya zauna.

Na Damagaram: To ai hujjata kenan Bala, ka tsinta a tasha ba mai gyara maka.

Bala Direba: Kai da aka koya maka tun kana ɗan shekara 7 me ka sani game da koyon babba?

Sarkin Zolaya: Alhaji ƙaro ta biyu a Kwatano, gyara kyauta dare da rana 😂

Malama Hajara: Dubu 60 ma sauƙi ne, ƙanena 150 ya biya. Ni abin da ke ƙona min rai makarantar 'yata, an sa Faransanci a jadawalin JSS, an karɓi kuɗin littafi, zango biyu ba malami.

Maman Ikram: Namu malamin lissafi ne ke shiga musu.

Ɗan Kwari: To ni dai in biya?