"Jemage, ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin dabbobi": wa ake yi wa wannan magana?

Malamin Adabi: Jama'a, a sanina ana jifan mai baki biyu da ita, wanda in ana rabon tsuntsaye ya nuna haƙora, in ana na dabbobi ya buɗe fiffike. Amma na ji ana faɗa wa maraya marar dangi. Wanne ne daidai?

Malamar Kimiyya: Malam, ta farkon ta fi zama, don zargi ce, ba tausayi ba. Sai dai an zalunci jemage. Dabba ne mai shayarwa, gashi gare shi, ba ya ƙwai. Ɗauki ƙaramin nan na cikin rufin kwano, wanda masana ke kira Chaerephon pumilus: nauyinsa gram 10 zuwa 15, leɓensa na sama a tattare, wutsiyarsa ta zarce fatar da ke tsakanin ƙafafunsa. Macen kan ɗauki ciki wajen wata 2, ta haifi ɗa guda, ta ba shi nono. Fiffiken ma hannu ne, fata ce shimfiɗe a kan dogayen yatsu.

Dattijon Unguwa: 'Yata, to kashi ta baki fa? Da shi muka tashi.

Malamar Kimiyya: Baba, wannan daga babban jemage mai cin 'ya'yan itace aka samo shi. Yana tauna mangwaro ko ɓaure, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar, sai a ga tarinta a gindin bishiya. Na rufi ƙwari yake ci, yana gano su cikin duhu da amsa-kuwwar siririn kukansa. Murza kashinsa da tsinke, zai zama gari mai ƙyalƙyalin ɓawon ƙwari. Na ɓera ba ya rugurgujewa haka.

Kafinta: Shayarwar nan ce ke ba masu gida matsala. Kuskuren shi ne a toshe ramin da suke shiga rufi da rana, ko lokacin damina da suke da jarirai, a rufe su ciki su mutu, wari ya cika silin. A tsaya da magariba a ga inda suke fita, tsagar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe su. A toshe sauran, a maƙala wa babbar ƙofar guntun bututun roba yana kallon ƙasa. Za su zame su fita, santsi ya hana su komawa. Bayan mako guda a cire, a toshe. Kashin kuma a yayyafa masa ruwa kafin shara, a sa takunkumi, ƙurarsa na iya kawo ciwon huhu. Kada a kama jemage da hannu tsirara. In ya yi cizo, a wanke da sabulu minti 15 a wuce asibiti.

Malamin Adabi: Duk da haka Malama, karin magana kamanni take bi, ba ta bin littafin kimiyya. Ni dai ba zan yarda a faɗa wa maraya ita ba.