An ba ni jigilar marmara a dajin bayan Kachia, hayar wata ko kuɗin sawu?

Baban Ummi, Rigasa:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa aikin hanya a daji. Tipa ɗaya gare ni mai taya goma, yashi nake ɗauka da ita, da ita nake riƙe gida. Wani ƙaramin ɗan kwangila ya same ni, zai buɗe hanya da kwalbatoci a ƙauyukan bayan Kachia, aikin wata shida, farawa a Mayu. Ya ce in zaɓa: ko hayar wata, man gas nasu, ko a biya ni kowane sawu, mai nawa. Daga ramin marmara zuwa bakin aiki kilomita 14 ne, da hawa biyu da rafi ɗaya marar gada. Maganar tsaro mun gama ta, akwai jami'ai a sansanin. Wanne ya fi?

Ɗan Mando:
Wa alaikumussalam. Malam, kada ka je. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma da ke tafe da jami'ai an tare shi ranar 28 ga Maris 2022, balle tipa.

Baban Ummi:
Na gode ɗan'uwa, amma na ce wannan mun tattauna. Tsarin biya nake tambaya.

Injiniya Kawo:
Baban Ummi, watan farawar shi ne amsarka. Kudancin Kaduna ya fi cikin gari ruwa, kuma Yuli da Agusta kusan kullum ne. Marmara in ta sha ruwa ta wuce kima, rola ba ta iya danne ta, sai dai ta riƙa motsi kamar tuwo, dole a tsayar da zubawa har ta sha iska. Ranar da aka tsaya, mai kuɗin sawu bai da ko sisi. Ga rafin nan, in ya kawo sai ku kwana biyu kuna kallon juna ta tsallake. Ka karɓi hayar wata, a rubuta cewa ranar ruwa ma tana cikin lissafi.

Alhaji Mai Tipa Uku:
Rubutu! Ni ma da takarda na tafi. A 2022 na kai motoci biyu wani aikin hanya a jihar Neja, can wajen Shiroro. Da muka yi ciniki litar gas ba ta kai naira 400 ba, kafin shekara ta raba ta doshi 800. Na ce a gyara farashi, aka ce in duba abin da na sa wa hannu. Wata na uku mota ɗaya ta nutse a taɓo har gindin bodi, da kaya a kanta. Katafilar da za ta ja ta tana wani sashe, sai da muka kwana tara. Da ta zo, mai tuƙin ya fizge ta da ƙarfi, sifirin ya karye, giya ta tafi. Direbana zazzaɓi ya kwantar da shi, asibiti mafi kusa tafiyar awa uku a babur. Da na je neman balas sai aka ce babban kamfani bai biya su ba, shi ma gwamnati ba ta biya shi ba. Na yi sintiri wata goma sha ɗaya. Mota ɗaya na sayar na gyara ɗayar. Sunan nan da kuke gani na da ne, yanzu biyu suka rage, ɗaya ma tana kan dutse.

Maman Sadik:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Direban ya warke dai?

Alhaji Mai Tipa Uku:
Ya warke Hajiya, amma ya bar tuƙi, keke Napep yake ja a Kakuri. Kuma shekara goma muna tare.

Kanike Panteka:
Baban Ummi ka je abinka, Allah ya tsare. Ni dai na ajiye maka sifirin da kuloci tun yanzu, in ka dawo ka biyo ta Panteka mu gaisa.

Ɗan Mando:
Kai Oga, mutum na neman mafita kai kana neman kasuwa.

Sarkin Yashi:
Nawa ma suka ce hayar? Mai taya goma yanzu ƙasa da miliyan biyu da rabi a wata asara ce.

Abba Maraban Jos:
Ina? Ƙanen babana miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ake ba shi, kuma yana godiya.

Sarkin Yashi:
To albashin direba da taya wa ke saye? Dutsen daji sabuwar taya yake yankawa. A wannan kuɗin kyauta yake musu aiki.

Injiniya Kawo:
Ku bar jefa lamba. Sai an san wa ke da gyara, da awa nawa mota za ta yi a yini.

Alhaji Mai Tipa Uku:
Yallabai, da girmanka, kai ƙarshen wata albashinka na shiga ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wanda bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba bai kamata ya faɗa mana tsari ba.

Injiniya Kawo:
Alhaji, shekara huɗu na yi a kwantena a daji, mu ma an riƙe mana albashi. Abin da ya same ka shi nake gudar wa Baban Ummi. Dubi hanyar Abuja zuwa Kano, kilomita 375, an ba da ita tun ƙarshen 2017, ta wuce wa'adinta da shekaru. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, kilomita 614, a 2020 aka ƙaddamar, shi ma damina da tsaro da ƙetare kogin Neja sun ja shi. In manya sun tsaya, na ƙasa ne ke fara jin yunwa. Shi ya sa kafin alƙalami na wata biyu wajibi ne kafin mota ta bar Rigasa.

Malama 'Yar Jere:
Ku yi haƙuri in shigo. Kuna ta lissafin sawu, ba wanda ya tambayi ramin da ake ɗebo marmarar na waye. A garinmu gonar mahaifina aka haƙe rabi, aka ba shi abin da bai kai kuɗin masarar shekara biyu ba. Suka gama suka kwashe kaya, ramin na nan ya zama kududdufi, zurfinsa ya fi tsayin mutum uku. Duk damina hankalinmu a tashe yake saboda yara.

Abba Maraban Jos:
Wallahi gaskiya ne Malama. Namu ma ba a cike ba, sauro kawai muka samu.

Injiniya Kawo:
A ƙa'ida cike rami ko gyara bakinsa na cikin kwangila. Mai unguwa ya kamata ya riƙe su tun injina na wurin.

Malama 'Yar Jere:
Mai unguwar da a gabansa aka auna gonar? Takardar diyyar ma ba mu taɓa ganinta ba.

Baban Ummi:
Allah ya bi muku haƙƙinku Malama. Jama'a, ranar Alhamis zan ba mutumin amsa. Alhaji, in da a ce an ba ka na wata biyu a hannu, da za ka sake zuwa?

Sarkin Yashi:
Malama, a wace shekara aka haƙa naku? Don mu ma akwai irinsa a hanyar Buruku, har yau ana ta kai ƙara.